Ba Gazali Ne Ya Kashe Layin Mayahi Ba

Daga Allah muka fito, kuma komai tsawon zango, a ƙofarSa za mu sauke kaya.

Ranar Talata, takwas ga watan Yuni na shekarar 2010, tsakanin azahar da la'asar, Allah ya karɓi ran abokina Malam Gazali Hamani a gidansa na Tasawa, bayan wata uku yana fama da ciwon hanta. Shekarunsa hamsin da huɗu. Ya bar matarsa Furera da ƴaƴa huɗu. Mun kai shi makwancinsa kafin magariba, hadari na haɗuwa ta gabas, har wasu suka riƙa ɗaga kai suna cewa mamacin mai albarka ne. Kafin mu iso gida iska ta watsa hadarin. Da kana tsaye a cikinmu, Gazali, da ka ce ba a yanke hukunci da alama ɗaya.

Ka tafi cikin shekarar da ta yi kama da sauran shekarunmu. Rumbuna sun koma ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen sun yi ƙaura. Shanu na durƙushewa a bakin rijiya, soja kuma sun dawo kan kujera tun watan Fabrairu. Mu da aka haifa daf da samun ƴancin kai ba mu cika ƙirga shekaru da kalanda ba. Da fari da kaki muke ƙirgawa: na saba'in da huɗu, na tamanin da huɗu, na casa'in da bakwai, ga kuma wannan. Ban san wanne ke gayyato wani ba, amma ban taɓa ganin ɗaya ya daɗe bai nemi ɗan'uwansa ba. Na gaji da su duka biyun, kuma na san ka riga ni gajiya.

Na so in rubuta maka irin abin da ake rubuta wa mamaci, in ce kai mai haƙuri ne, mai zumunci, mai sallah a kan lokaci, in rufe da addu'a in koma tabarmata. Duk gaskiya ne. Amma wani abu ya faru ranar addu'ar uku da ya hana ni wannan sauƙin.

Muna zaune a ƙofar gidanka sai ga wani dattijo ya sauko daga motar kasuwa, sunansa Cha'ibu, manomi daga wani ƙauye arewa da Mayahi. Ba wanda ya san shi a cikinmu. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, sannan ya gyara zama ya yi magana cikin sanyin murya, ba don ya tozarta kowa ba.

"Na zo in hwaɗi gaban jama'a cewa na yahe mashi. Ɗiyata Bintu ta rasu da sanƙarau cikin kwanakin da ya kashe wayar talho ta Mayahi. Shekara sha biyu ina riƙe da shi a zuciya. Yanzu ya tahi inda za a tambaye shi, ba ni so a tambaye shi don ni."

Jama'a suka ce Allah ya saka masa da alheri. Liman ya yi ɗan gajeren wa'azi a kan falalar yafiya, aka ɗaga hannu aka shafa. Ni ma na shafa tare da su.

Magana ba ta neman izini kafin ta shiga cikin gida. Da la'asar ɗiyarka Ramatu, wadda ke karatun aikin waya a Yamai, ta aiko a kira ni zaure. Shekararta tara lokacin da aka kore ka daga aiki, kuma ba ka taɓa gaya mata yadda aka yi ba.

"Baba Mamman, da gaske ne?" in ji ta. "In shi ya yi, ina so in sani, in bi gidajen da aka yi rashi in roƙa mashi gafara tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba."

Na ce mata yanzu lokacin addu'a ne, za mu yi magana daga baya. Amsar irinmu malaman lakwal, wato makarantar boko, ke nan idan aka yi mana tambayar da muka san amsarta sarai. To ga maganar, Gazali, kuma sai ka yi haƙuri da ni in na karkata wata lamba, tun da ba ka nan ka gyara.

Mun haɗu a kolej nan Tasawa, kai ɗan manomi daga Kanan-Bakashe, ni ɗan mai shago mai ganin kansa ɗan birni. Ni littafi na riƙe, kai rediyo. A gidan da aka sauke ka akwai wani tsohon rediyo da aka ɗaure bayansa da tsumma, kuma kai kaɗai ke iya zaro ƙaramar tashar da ta maƙale tsakanin manya biyu. Kana juya maɓallin kamar mai cire ƙaya daga tafin ƙafar jariri, kanka a karkace, ka hana kowa tari. Mu shuuu kawai muke ji, kai ka ce akwai mutum a ciki, a ba shi lokaci. Kuma sai mutumin ya fito.

Daga nan ka tafi makarantar waya a Yamai, aka ɗauke ka aiki, daga baya aka tura ka Faransa shekara biyu, wata masana'anta da ke ƙera sashen da ke karɓar saƙo. Abokan tafiyarka sun dawo da firij da kaset. Kai ka dawo da kwali cike da takardu da wata na'urar gwanjo mai ɗan gilashi kore, wadda kuke kira osiloskop. Furera, tana amarya a lokacin, ta ɗauka talabijin ce. Ta zauna gabanta har ta gaji, ba ta ga kowa a ciki ba sai zare guda yana rawa.

Ni ma na daɗe ban gane aikinka ba, sai wata hantsi da muke zaune ƙofar gidana, mata na lugude a ciki. Ka ce a layin zamani ba muryar mutum ce ke bin iska ba. Daddatsa ta ake yi ta koma ɗigo-ɗigo, ko akwai ko babu, guda miliyan takwas cikin daƙiƙa ɗaya. Kuma ba a haɗo saƙon da agogo. Na'urar da ke karɓa ita za ta ciro bugun daga cikin saƙon kansa, don ta san daidai lokacin da za ta leƙa. In ta leƙa da wuri, ko ta makara, ƙarya za ta karanta. Ka nuna cikin gida da haɓa, ka ce in saurara. Mace ta uku da ta zo da taɓaryarta ba wanda ke ƙirga mata. Kunne take sawa ta kama bugun biyun farko, ta shiga tsakaninsu. In kuwa ba ta jin bugun sosai, taɓare za su gwabzu, hatsi ya watse.

Sannan ka ce kafin wannan sashe akwai wani ƙarami da ka sa wa suna mai gadi. Aikinsa ɗaya ne: ya auna ƙarfin abin da ya iso, ya ce saƙo ne ko ba saƙo ba ne. In ya ce babu, sai ya kunna jar fitila ya rufe layin gaba ɗaya. Matsalar ita ce na'ura tana da nata raɗa, wani ɗan shuuu da ba ya rabuwa da ita, yana ƙaruwa in ta yi zafi. In aka tsaurara wa mai gadi, sai ya kori baƙon gaskiya don ya zo a rame. In aka sassauta masa da yawa, sai ya ɗauki raɗar na'ura a matsayin baƙo, agogo ya shiga rawa ba ganga. Ilimin duka, in ji ka, shi ne sanin inda za a ja layi tsakanin rarraunan saƙo da hayaniyar banza. Ka nuna mini a gilashin nan kore yadda ɗigon suke haɗuwa su yi surar ido. Da sanyin safiya idon a buɗe yake tar. Da tsakar rana a bazara sai ya kanne kamar na tsoho mai zura zare a allura.

Na ce maka wannan ai falsafa ce. Ka ce a'a, milibolt ne, ma'aunin ƙarfin saƙo, kada in ɓata maka shi da Faransanci.

Layin Mayahi a hannunka yake. Faifan ƙarfe ne guda a saman hasumiyar Tasawa yana kallon ɗan'uwansa na Mayahi, kuma tazarar ta fi ƙarfin faifan tun ran da aka kafa shi. Ta wannan layi ne buron sufurefe, wato ofishin mai mulkin yankin, da jandarma da gidan likita da ɗakin waya na jama'a ke magana da duniya. Sau uku ka rubuta kana neman faifai babba, sau uku aka amsa maka cewa ana nazari. Littafin masana'anta ya ce a sa mai gadi a kan milibolt talatin. Waɗanda suka rubuta littafin ba su taɓa tsayuwa a Mayahi ranar azahar ta watan Afrilu ba. A irin wannan rana saƙon kan faɗo zuwa ashirin, wani lokaci sha takwas. Ka shafe makonni kana aunawa, ka tabbatar raɗar na'ura ba ta taɓa wuce shida ba ko a ranar da ta fi kowace zafi. Sai ka karya ɗan jan fentin da aka liƙe kan wani ƙaramin noti, ka juya shi: mai gadi ya buɗe in saƙo ya kai sha huɗu, kada ya rufe sai ya faɗi ƙasa da sha ɗaya. Ka ce ba a sa ƙofar shiga da ta fita wuri guda, in ba haka ba layi zai yi ta ƙyaftawa. Ka ƙirga kurakuran da hakan ya jawo, ka samu ɗigo ɗaya cikin miliyan a mafi munin sa'a, abin da mai magana ba zai ji ba sai ɗan ƙas kamar an taka busasshen ganye.

Bazara uku layin Mayahi bai mutu ba. Ka rubuta abin da ka yi a cikin rahotonka na wata-wata, wanda na tabbata ba wanda ya karanta sai gara.

Sai shekarar 1998 ta zo, bayan damina ta gudu ta bar gero tsaye ba kai. Mulkin lokacin ya tuɓe kaki amma bai tuɓe hali ba. A watan Afrilu aka turo mai bincike daga Yamai, matashi mai tsabta, littafin masana'anta a hammatarsa. Ba mugu ba ne. Karatu ya yi, kuma karatun bai gaya masa zafi na da ra'ayi ba. Ya ga fenti a karye. Ka yi masa bayani, ya saurara cikin ladabi, ya mayar da notin kan talatin, ya ɗiga sabon fenti. Da sassafe ne, saƙon ya ɗan haura talatin da ƙyar, layi na aiki. Ya rubuta cewa an taɓa kayan gwamnati ba da izini ba, ya karɓi mabuɗin ɗakin daga hannunka har sai an gama bincike, ƙarfe tara ya hau mota. Ƙarfe sha ɗaya jar fitila ta kama.

Kwana goma sha tara tana ci. Da zafi ya ƙara tsananta, layin kan farfaɗo ne kawai na ƴan mintoci bayan sallar asuba, lokacin da duk buro ke rufe, sannan ya koma. Cikin waɗannan kwanaki sanƙarau ya shiga ƙauyukan arewa. Majo, babban ma'aikacin gidan likitan Mayahi, da ya rasa talho, sai ya riƙa ba direbobin motar kasuwa takarda su kai Maraɗi, magani ya iso a makare da kwana shida. Kai kuwa kana Tasawa, kullum kana zuwa ka tsaya gaban ƙofar da aka kulle. Ka roƙi a ba ka minti biyar da ɗan sukudireba ɗaya. Aka ce ba a barin wanda ake bincike ya koma kan abin da ake bincikensa a kai. A takarda wannan magana ce mai hankali.

Aka kafa kwamiti na mutum uku, wani kaftin na shugabanta, aka ba ka mako guda ka kawo bayaninka a rubuce. Nan ne na shigo, ni da kawunka Talle, Allah ya jiƙansa.

Ka zo gidana da littafinka na awo, bazara uku, kowace rana da sa'arta da lambarta. Ka ce Faransancinka na masu sukudireba ne, nawa na masu alli, in taimake ka in jera maka maganar. Kawu Talle ya riga ya iso daga Kanan-Bakashe, don labari ya kai can. Dattijo ne da ya yi shekara hamsin yana zama a fada, ya ga shari'u ba iyaka. Ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya yi gardama da mai iko ya koma gida da hularsa a kai ba, amma ya ga da yawa da suka cire hular da kansu, suka ce sun tuba, aka ce su tashi su tafi.

"Gazali," in ji shi, "in babba ya ce ka yi laihi, laihin ya riga ya auku. Abin da ya rage naka shi ne tuba."

Ni kuma, da yake na yi karatu, sai na goyi bayansa da hujjoji daga tarihi. Na ce soja ba ya son a koya masa darasi, balle da lissafi. Na ce shafi goma na lambobi zai zama masa kamar zagi. Ka dube ni, ka kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ka ce, "Mushe, lambobin nan su kaɗai ne shaiduna." Na ce shaidun da alƙali ba ya jin yarensu ba su da amfani. Kawu ya rufe da cewa in ka ƙi bin maganar manya, shi bai yafe ba.

Na rubuta shafi ɗaya da rabi. Ban taɓa rubuta Faransanci mai kyau kamarsa ba, kafin nan ko bayan nan. Babu lamba ko ɗaya a ciki. Akwai nadama, akwai biyayya, akwai iyali da ƙananan yara, akwai roƙon sassauci daga mai girma. Ka karanta sau biyu, ka ajiye, ka je ka yi alwala, ka dawo ka sa hannu.

Kuskurenmu, ni da Kawu, shi ne mun ɗauki buro fada ce. A fada, tuba rufe magana take: an ji, an yafe, iska ta ɗauke. A buro kuwa tuba shaida ce, ana buga mata hatimi a sa ta cikin dosiye, kundin takardun ma'aikaci, kuma dosiye ba ya mantuwa ba ya yafiya. An ce kaftin ya yaba salon takardar. Ya ce tun da mai laifi ya amsa da bakinsa, babu buƙatar a wahalar da kowa da zama. Don sassaucin da aka roƙa, ba za a kai ka kaso ba, kora kawai. A rana ta goma sha tara mota ta zo daga Yamai da sabon faifai, daidai girman wanda ka nema sau uku. Aka ɗora shi, layi ya tashi, kowa ya ce ga shi nan, ɓarnar da ya yi har sai da aka canja kaya.

Daga ranar sunanka a kasuwar Mayahi ya koma mai kashe talho. Ka daina bi ta can. In za ka gida Kanan-Bakashe sai ka ɗauki hanyar rairayi mai nisa, ka ce ka fi son ganin gonaki.

Ka kafa rumfa a gefen kasuwar Tasawa kana gyaran rediyo, daga baya da salula. Ban taɓa jin ka ce wa mutum rediyonsa ya mutu ba sai ka kwana biyu da shi. Buzaye makiyaya sun san rumfarka tun daga nesa, don kai ne kake zaunar da su a kan benci ka ba su ruwa kafin ka tambayi abin da ya kawo su, kuma ba ka yi musu dariya in sun kawo rediyon da rairayi ya cika har wuya. Na tuna Inna Salamatu ta Hawandawaki, wadda kunnenta ya yi nauyi, ɗanta na Libiya. Ta yi wata shida tana cewa yaron ya daina yi mata magana, yana kira ya yi shiru. Ka haɗa mata ɗan lasifika daga cikin wani mataccen rediyo, ka liƙa shi a gwangwanin madara, ka kai mata har gida a kan babur ɗin aro. Ranar da ta ji muryarsa, abin da ta fara yi shi ne zaginsa a kan shirun wata shida. Ka dawo kana ba ni labari kana dariya har da hawaye, ka ce layi ya tashi lafiya.

Wani tsohon abokin aikinka na Faransa ya riƙa aiko maka da mujallun da suka gama karantawa. Sai in same ka a rumfa, gabanka rediyon da akuya ta cinye wa waya, kana karanta labarin na'urorin da ke kama ɗigo biliyan goma a daƙiƙa, daga saƙon da bai kai wanda aka kore ka a kansa ƙarfi ba. Kana murna kamar an yi maka haihuwa. Na ce me ya dame ka da abin da ba za ka taɓa riƙewa a hannu ba? Ka ce ai ni ma ina karanta labarin teku, alhali ban taɓa ganinsa ba.

Ba ka taɓa yi mini gorin takardar nan ba. Ramuwarka ɗaya ce: duk lokacin da na ɗauko dogon jawabi a majalisa, a kan siyasa ko farashin hatsi, sai ka bari na kai tsakiya ka ce, "Mushe, a sa lamba." Jama'a su yi dariya, ba su san inda aka dosa ba. Sau ɗaya, bayan rasuwar Kawu Talle, na ce maka mu sake rubutawa. Ka ce wanda ya sa hannu ya ce ya yi, in ya dawo ya ce bai yi ba, wace maganar tasa za a ɗauka? Ka ƙara da cewa ba ka son a ce Kawu ya ba da gurguwar shawara yana cikin kabari. Sunana ba ka ambata ba. Ni kuma na karɓi wannan amsa da saurin da ya kamata in ji kunyarsa.

Ranar addu'ar bakwai na koma zaure na gaya wa Ramatu duka, yadda na faɗa a nan. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni raɗar na'urar nawa ce, na ce shida. Ta tambayi inda ka sa mai gadin, na ce sha huɗu da sha ɗaya. Ta yi lissafi a zuci, kai a karkace kamar yadda kake yi, sannan ta ce ko a makarantarsu haka za a koya, sai dai su suna da suna mai tsawo da suke kiransa da shi. Da za ta tashi ta ce, "Mushe, ka rubuta shi. Da Hausa, yadda mutanen Mayahi za su ji in an karanta masu. Kuma kada ka roƙi kowa sassauci a ciki." Tun tana rarrafe Baba take ce mini. Ban yi gardama ba.

Kafin in rubuta, na ga akwai wanda ya kamata ya ji da kunnensa. Na hau mota zuwa Mayahi, na ɗauki kabu-kabu zuwa ƙauyen Malam Cha'ibu. Na same shi a gona da hantsi yana binne, yana zuba iri cikin busasshiyar ƙasa ko Allah zai kawo ruwa ya tarar da shi. Ya dogara da sunguminsa ya saurare ni. Milibolt ba su yi mini amfani a nan ba. Na ce masa mutumin da ya yafe wa shi ne ya riƙe layin da rai shekara uku, an karɓe masa mabuɗi ne layin ya mutu a hannun wasu, kuma takardar da ta ce shi ya yi, ni na rubuta ta da hannuna.

Ya tambayi inda mai binciken da ya karɓe mabuɗin yake. Na ce ban sani ba, wataƙila darakta ne yanzu. Ya tambayi kaftin. Na ce na ji ya yi ritaya, ya yi hajji. Ya dubi ramukan da ya saro, sannan ya ce:

"Ashe shekara sha biyu ina ɗauke da kaya zuwa gidan da ba shi ba. To Mushe, ba ni komawa da su. Kai ne kusa, karɓi, na yahe maka." Ya tofa yawu a tafinsa ya gyara riƙon sungumi. "Amma shi wancan bawan Allah da na kwana ina kai ƙararshi wurin Ubangiji, ni wa zai roƙa mani shi?"

Na ce zan kai saƙo. Ya ce ranar Juma'a zai tashi a masallacinsu ya janye maganarsa gaban waɗanda suka ji ta shekara da shekaru, sannan ya koma kan binnensa.

Ga saƙon, Gazali, na kawo. Nawa kuma yana tare da shi. Ban roƙe ka kana da rai ba don na san za ka ce ba komai, ni kuwa na san akwai komai.

Ya Allah, Kai da ba a ɓoye maka ƙarami saboda ƙanƙantarsa, Ka jiƙan bawanKa Gazali ɗan Hamani. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa shi, Ka sa wahalar da ya sha da shirun da ya yi su zame masa kaffara. Ka jiƙan Kawu Talle, wanda ya ba da abin da ya sani. Ka jiƙan Bintu ɗiyar Cha'ibu da duk waɗanda suka tafi cikin kwanakin nan goma sha tara. Ka ba mu ruwa mai albarka, Ka dubi waɗanda suka binne irinsu na ƙarshe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Furera, wadda ta san gaskiyar nan tun ranar farko ta kuma ci gaba da aiko mini da furar sallah; ga Ramatu da ƙannenta; ga dangi na Kanan-Bakashe da abokan rumfa na kasuwar Tasawa. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Wanda kuma wannan takarda ta iso hannunsa, in hanya ta bi da shi kasuwar Mayahi ya ji an ambaci mai kashe talho, ina roƙonsa ya tsaya ya gyara: sunansa Gazali Hamani, kuma ba shi ba ne.

Allah ya sa mu cika da imani.

Mamman Ƙadri
Tasawa